Cutar Damina a Garkar Inna Barira

A duk faɗin birnin Zariya babu mahalukin da Munira ta raina kamar Nabil ɗan Goggo Delu. Abin takaicin kuma shi ne zaginta ba ya kama shi. Taubashinta ne, ɗan ƙanwar mahaifinta, don haka in ta ce masa sakarai sai ya ƙyalƙyale da dariya, in ta kira shi holoƙo hadarin kaka sai ya dafe ciki, mutanen gida su ce, "Kai, yaran nan da wasa!" Ita kuwa Allah ya sani ba wasa take yi ba. Kowace kalma daga ɓargonta take fitowa.

Wai aikin gona ya karanta a jami'a. Aikin gona! Mutumin da tafin hannunsa ya fi na jariri laushi, wanda turarensa ke riga shi yin sallama, wanda ba ya iya tsayuwa sai yana juya makullin mota a ɗan yatsa. Tun da suka tashi daga cikin birni suka koma Tudun Jukun, in zai shigo lungun gidan su Munira na nan Ƙofar Kuyambana sai ya tattare ƙafar wando yana tsallake-tsallake, kamar ba a wannan lungun aka binne cibiyarsa ba.

A can ƙuryar gidan Malam Ƙasimu, mahaifin Munira, akwai wani ɗaki da ya faɗi tun ba ta yi wayo ba. Mahaifiyarta, Inna Barira, ita ta baje ƙasar ginin, ta kewaye wurin da kara, ta mai da shi garka. Abu ɗaya take shukawa a ciki: wani tumatir da ta zo da irinsa daga ƙauyensu tun tana amarya, ƙanana, masu tsaga-tsaga kamar gauta, masu tsamin da ke tashin miya tun daga zaure. Ba a sayar da shi a kasuwa. A ƙauyen ma an daina shi, kowa ya koma irin zamani da ake sayarwa a gwangwani. Da Inna ta rasu, Munira ta tarar da ɗan ƙullin irin a ƙasan adakarta, kuma a cikin zafin rashi ta yi wautar da har yanzu take nadamarta: ta kwance ƙullin ta shuka shi duka, ba ta rage ko ƙwaya ba. Saboda haka abin da ke tsaye a garkar nan shi ke nan. In ya mutu bai nuna ba, tumatirin Inna ya bi Inna.

Da farko ya yi kyau har yana ba ta tsoro. Ya yi kore shar, ya kai mata gwiwa, ya fara fure. Sai wata safiya, kafin ta tafi makaranta Kongo, inda take karatun lauya, ta sunkuya ta ga ganyen ƙasa ya yi ɗigo-ɗigo. Baƙi ne mai ruwan ƙasa, in ka matso da ido sai ka ga zobe cikin zobe, gefensa kuma ya yi rawaya kamar an ɗiga kurkum. Ta juya wani ganyen na sama, ta tarar da ƙananan ƙwarin nan, darɓa, sun lafe a bayansa, hannunta ya yi danƙo.

Ba ta ji ko kalma ɗaya daga abin da aka koyar a aji ba ran nan.

Goggo Delu ce ta fara zuwa dubiya, don dubiya ta ɗauke shi. Ta tsaya a bakin garka ta riƙe haɓa.

"Baki ne," in ji ta. "Wallahi baki ne. Duk macen da ta shigo gidan nan sai ta ce kai, tumatir kamar a fadama, babu mai cewa tubarkalla. Nemo tsohuwar tukunya mai baƙin gindi ki kife a kan sanda."

"To, Goggo."

"Da tsohon takalmi. Na hagu."

"To, Goggo."

A zuci kuwa cewa take, in da tukunya na tsare baki, ai da Goggo ta daɗe da kifa ɗaya a kanta, ko mutanen unguwa sa huta. Amma ta kife tukunyar, don Goggo ba ta tafiya sai ta ga an yi.

Washegari da la'asar sai ga turare, sai ga sallama, sai ga Nabil cikin farar shadda.

"Ina Baristar? An ce marasa lafiyarki sun kwanta."

"Ɗan mace, bawan gidanmu. Wa ya aike ka?"

"Uwata. Ta ce in zo in ceci miyar gidana na gaba."

"Gidanka na gaba kabari ne, kamar kowa."

Ya yi dariya har makulli ya faɗi. Sannan ya shimfiɗa hankici a ƙasa, ya ɗora gwiwa a kai. Munira ta dubi hankicin, ta dubi sama, ta roƙi Allah haƙuri. Ya riƙa juya ganye da kan yatsa biyu kamar mai taɓa ƙazanta.

"Wannan darɓa ce, ga farin ƙuda ma ya fara sauka. Ba su ne matsalarki ba, waɗannan ko sabulu ya ishe su." Ya tsinko wani ganye na ƙasa ya ɗaga shi saitin rana. Fuskarsa ta ɗan sauya. "Wannan kuwa cutar damina ce."

"Damina? Yaushe rabon duniya da ruwan sama? A jami'ar taku ba a koya muku leƙa taga ba?"

"Shi ne nake mamaki. Ba ta kama ganye busasshe. Sai ƙasa ta fantsamo masa, ya kwana a jiƙe, sannan ta ci. Wa ke jiƙa masa kai?"

"A gindi nake zuba masa, da safe, yadda Inna take yi."

"To wani na yi masa wanka." Ya miƙe yana kakkaɓe hankici, sai kuma halin ya motsa. Ya kanne ido ɗaya. "Ko kuwa ke ce kike zuwa kina yi musu kuka a ka? Hawaye ma ruwa ne, Barista."

Da ya tsaya a kan maganarsa ta farko, wataƙila da ta ji. Amma ya taɓa inda ba a taɓawa, ya kuma taɓa yana dariya. Munira ta tattara duk abin da ya faɗa, na gaskiya da na shaƙiyanci, ta zuba a kwando ɗaya ta watsar.

"Fita daga garkar uwata," ta ce a hankali.

"An gama, ranki ya daɗe!" Ya rusuna, ya fita yana fito.

Ita kaɗai ta shiga jinya. Ta tsinto 'ya'yan dogon yaro a bakin ganuwa, ta daka, ta jiƙa suka kwana, ta tace da tsohon ɗankwali, ta kaɗa ɗan sabulu a ciki. Da sassafe ta bi ganye ɗaya-ɗaya tana shafe bayansa, ɗacin na kama mata hannu har abinci ya daina yi mata daɗi. Ta barbaɗa toka a gindi. Darɓa ta bushe ta kakkaɓe, farin ƙuda ya yi ƙaura. Ta tsinke duk ganyen da ya yi ɗigo ta cusa a murhu, ta kafa kara ta ɗaure kowane tushe da tsumma don ya tashi daga ƙasa. Ta tsaya ta dubi aikinta, ta ce a ranta, ga aikin gona nan, ba na hankici ba.

Bayan 'yan kwanaki ɗigon ya dawo. Wannan karon ya hau sama, ya kama ganyen tsakiya, har ya yi baƙin tabo a jikin kara. Fure ya fara zuba. 'Yan ƙananan 'ya'yan da suka ƙulla suka tsaya cak, ba gaba ba baya. Ta sake tsinkewa, ya sake dawowa, har tsiron ya koma kamar kazar da aka fige, 'yan ganye a ka, ƙasa tsirara. Ta fara zargin kowa. Ta zargi yaran maƙwabta, ta zargi akuyar gidan Bala mai gyaran keke, ta zargi tukunyar Goggo ta tuntsurar da ita da ƙafa.

Akwai lokaci ɗaya da Munira ba ta zuwa garka, shi ne in mahaifinta yana wurin. Tun bayan rasuwar Inna, Malam Ƙasimu ya mai da alwalarsa can. Ya kife wani tsohon turmi a bakin shingen, nan yake zama da butarsa kowace salla. Mutum ne da bai taɓa ambaton sunan matarsa a gaban 'ya'yansa ba, tana raye ko bayan ranta, ranar jana'iza ma ba a ga hawayensa ba. Don haka in Munira ta hango shi ya nufi ƙuryar da buta, sai ta kau da kai ta shige ɗaki. Tana ganin wannan ne kawai abin da za ta iya yi masa: ta bar shi da abin da ke ransa, ba tare da ido ba.

Ran nan gab da magariba tana tsugune a bayan shinge tana duba wani tushe da ya langaɓe, sai ta ji takunsa. Kunya ta hana ta miƙewa. Ta lafe, tana kallo ta tsakanin kara.

Ya zauna ya yi alwala a nitse. Ruwan na sauka a kan ƙasa, yana fantsama, laka na tsalle tana manne wa tsiron da ke kusa. Da ya gama bai tashi ba. Ya karkata butar ya cika tafin hannu, ya miƙe, ya shiga garkar. Ya yayyafa wa tsiro na farko a ka. Ya sake cikawa, ya yayyafa wa na biyu. Leɓɓansa na motsi. Haka ya bi su duka, kuma kowanne sai ya shafa shi da jiƙaƙƙen hannu, daga mai ciwo zuwa mai lafiya, a hankali, yadda ake shafa kan maraya. Munira ta san wannan yayyafin. Mata ba sa zuwa maƙabarta, amma ta sha jin yadda ake yi wa sabon kabari in an gama rufewa.

Rana ta faɗi. Ganyen na ɗigar da ruwa, kuma haka zai kwana, kafin isha'i ma a ƙara masa.

Ya tafi masallaci, ita kuwa ta kasa tashi. Ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen tumatir ya cika wurin, ƙamshin hannun Inna sak. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da sakaran nan ya zarge ta da shi. Kuma a tsakiyar kukan, abin da ya fi ci mata rai shi ne mai hankici ya yi gaskiya.

Ta yaya 'ya za ta dubi malami kamar Malam Ƙasimu, mutumin da ake zuwa tun daga ƙauyuka ana tambayarsa hukuncin ruwa da tsarki, ta ce masa ruwan alwalarsa cuta ne? Ta gwada dabara. Ta mirgina turmin zuwa gindin rijiya, da azahar ta tarar ya koma wurinsa. Ta riƙa zuba masa ruwa rabin buta, ya je randa ya cika da kansa. Sau biyu tana durƙusawa a gabansa da niyyar magana, ya ɗago daga littafi ya ce, "Munira, lafiya?" ta ce, "Lafiya lau, Baba, abinci ne ya sauka." A cikin haka tushe biyu na bakin shinge suka bushe ƙurmus.

Abin da 'ya ba ta iya faɗa wa uba, ɗan 'yar'uwa yana iya faɗa wa kawu. Ta san haka, ta kuma san ko wane ne ɗan 'yar'uwar. Ta daɗe tana kallon lambarsa a waya kamar mai kallon magani mai ɗaci, sannan ta danna.

"A'a! Yau wace rana? Uwar gida da kanta?"

"Ka saurara. Baba ne. Ruwan alwala yake yayyafa musu."

Sai ya fashe da dariya. "Ban ce ba? Ban ce ana yi musu wanka ba? Maimaita, Barista, ki ce Yaya Nabil ka yi gaskiya."

"Yaya Nabil," ta ce, kalmar na ƙona mata harshe, "don girman Allah ka saurare ni. Ba cewa za ka yi ya daina ba. Cewa za ka yi tumatir ya fi son ruwa a gindi, ya riƙa zubawa a gindi. Shi ke nan. Kada ka ce shi ya jawo. Ku biyu kawai, ba a gaban kowa ba."

"Haba, sai ka ce yaro? Bar ni da Kawu."

Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, da uwarsa a gaba. Munira na ganin Goggo Delu ta san roƙonta ya tashi a banza. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka taɓa hira har la'asar ta kawo jiki. Malam ya ɗauki buta ya nufi ƙurya. Nabil ya bi shi, Goggo ta bi Nabil, Munira ta bi su duka.

"Kawu, dakata! Kafin ka zuba." Ya tsinko ganye mai ɗigo, ya ɗaga shi yadda malamin firamare ke ɗaga alli. "Ka ga wannan zoben? Wata ƙwayar cuta ce, ido ba ya ganinta, a ƙasa take kwana. In ruwa ya fantsama sai ta hau ganye. In ganye ya kwana a jiƙe sai ta yi 'ya'ya. In kuma aka shafa wannan aka shafa wancan, to an yi mata mota kyauta." Ya dubi uwarsa don ya ga ko tana jin irin ilimin da ta haifa. Tana ji, har ta gyara tsayuwa. "Tun ranar farko na ce wani na jiƙa shi, yarinyar nan ta kore ni. Ashe ɓarawon a cikin gida yake! Kawu, ai kai ne kake kashe shi."

Ya faɗa yana dariya, irin dariyar da yake yi wa Munira. Ya manta ba taubashinsa ne a gabansa ba.

Malam Ƙasimu ya dubi ganyen. Ya dubi tushen nan biyu da suka bushe. Ya dubi hannunsa.

"Ni ne?"

"Wallahi kuwa. Da an ƙara 'yan kwanaki, ko ɗaya ba zai kai labari ba. Amma ba komai, in dai a gindi za ka riƙa..."

"Na ji," in ji Malam. Muryarsa ba ta tashi ba, ba ta kuma yi rawa ba. "Allah ya yi maka albarka. Karatu ya yi rana."

Ya ajiye butar, ya sunkuya ya rungumi turmin. Nabil ya miƙa hannu zai karɓa, yana karkata jiki don kada shadda ta taɓa. Malam ya girgiza kai. Shi da kansa ya ɗauke shi, tsoho da shi, yana nishi, ya bi ta tsakar gida ya fita da shi zaure.

Munira ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na roƙe ka abu ɗaya. Da kare na aika da ya fi ka sanin inda zai sa baki. Ka san ciwon ganye, ba ka san na mutum ba, kuma ba za ka taɓa sani ba, don babu kowa a cikin rigar nan sai turare. Wallahi na raina ka. Ba wasa nake ba, ban taɓa yi maka wasa ba."

Goggo Delu ta tafa hannu ta sheƙe da dariya. "Oh ni Delu! Haka za ku yi ta yi har a ɗakinku? Nabil, rama mana, kada ta ga lagonka!"

Shi ma ya yi dariyar, ko da yake ta ɗan makara kafin ta fito. "Ƙyale ta, Mama. Godiya ce take yi, ba ta iya ba ne."

Tumatir ya warke. Wannan ma wani abin haushi ne, yadda ya warke da sauri kamar jira yake. Munira ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa don kada ƙasa ta ƙara fantsama, ta ci gaba da zuba ruwa da safe, ta tsinke ragowar ganye masu tabo. Sabon toho ya fito tas, babu ɗigo. Fure ya kama. 'Ya'yan suka kumbura, suka yi fari, suka yi ruwan goro, suka yi ja. Nabil ya bi dangi gida-gida yana ba da labarin yadda ya gano cutar da kallo ɗaya, har wata goggon ta aiko masa da ganyen gwandarta a leda.

Malam Ƙasimu bai sake taka ƙuryar nan ba. A bakin zaure yake alwala, inda almajiran ilmi da masu wucewa ke gaishe shi, ya gama ya juye sauran ruwan a ƙasa ya shige masallaci. Ba ya fushi. Yana amsa gaisuwarta, yana tambayar karatu. Da Munira ta ce masa, kanta a sunkuye, ai a gindi ba ya cutarwa, cewa ya yi, "Haka yaron ya faɗa," ya juya shafi.

Munira ta bar 'ya'yan tumatir mafi girma a jikin uwarsu har suka yi laushi, fatarsu ta fara tsagewa. Ta tsinko su da hantsi, ta zauna a tsakar gida, ta matse su a ƙwarya, ta wanke, ta baza ƙwayoyin a kan farin ƙyalle. Sun yi yawa, sun fi ƙullin da ta tarar a adaka. Ta zauna tana kore musu kaji, tana jiran daɗin da ta yi zaton za ta ji.

Inuwa ta faɗo a kan ƙyallen. Malam ne, zai wuce ɗakinsa. Ya tsaya, amma bai sunkuya ba.

"Ya yi iri?"

"Ya yi, Baba. Ya yi da yawa."

Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin, hannayensa biyu a goye a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya gam.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Baɗi ki shuka shi inda ba na bi."

Ya ɗaga labule ya shiga. Wata kaza ta matso, Munira ta kai mata duka da mafici fiye da yadda laifinta ya kai.